Totuwa a Fangalin Kaka

A garin Taba, can ƙasar Kudan, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ita ce 'yar fari a gidansu, don haka uwarta ba ta kiran sunanta. Sai dai ta ce, "Ke!" Kakanta kuwa, Malam Lado, Uwargida yake ce mata, irin wasan nan na kaka da jika.

Malam Lado manomin lambu ne tun yana saurayi. Har kasuwar Hunkuyi an san tumatirinsa. In ya dawo daga fadama, ƙafafu duk taɓo, tun daga zaure yake ɗaga murya.

"Ina Uwargida? Miji ya dawo, ko ruwan sha babu?"

"Na fi ƙarfinka, tsoho," in ji yarinyar. "Je ka nemi mai furfura irinka."

Sai gida ya ɗauki dariya.

Wata safiya ya sunkuya zai ɗauki fartanya, sai ya faɗi. Aka kai shi asibiti a Zariya. Da aka dawo da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Hannun yana reto kamar ba nasa ba. Ƙafar kuwa sai ya ja ta.

Likita ya ce a riƙa fito da shi yana motsa jiki. In ba haka ba, gaɓoɓin za su sandare, ba zai ƙara tashi ba. Amma Malam Lado ya ƙi. Ya kwanta a ɗakinsa, ya juya fuska wajen bango.

Inna, uwar yarinyar, takan durƙusa a bakin ƙofa da kwanon tuwo.

"Baba, ku daure ku ci ko loma biyu."

Ko juyowa ba ya yi.

"Baba, a fito da ku ku sha iska?"

Haka za ta kwashe tuwon ba a taɓa ba.

Gidan ya zama kamar an yi rasuwa. Ko jaririn Inna in ya yi kuka, sai ta yi maza ta ba shi nono. Yarinyar takan leƙa ɗakin, ta ga bayan Kaka kawai. Kullum bayan sai ƙara ƙanƙancewa yake.

A makarantarsu akwai Malama Cecilia, mai koyar da aikin gona. Wata rana cikin rani ta kai 'yan aji biyar bayan ajinsu. Nan suka ga wani gini na bulo, kamar dogon akwati, tsayinsa ya kai ƙugun babba. An cika shi da ƙasa. Alayyahu ya yi shar a kai, alhali ko'ina a bushe yake.

"Wannan fangali ne," in ji Malama. "Irin na lambu, amma an ɗaga shi sama. Kuma shi yake shayar da kansa."

Yara suka fashe da dariya.

"Malama, yana da baki ne?"

"Yana da shi mana. Ga shi nan." Ta dafa wani bututun roba da ke tsaye a kusurwa. "A can ƙasa an shimfiɗa leda mai kauri, an zuba tsakuwa da yashi. Aka rufe da buhu, sannan aka zuba ƙasa da taki. In kun zuba ruwa ta nan, yana sauka ya zauna cikin tsakuwa. Kun san lagwanin risho, yadda yake jawo kananzir zuwa sama?"

"Mun sani, Malama!"

"To, haka ƙasar nan take jawo ruwa zuwa saiwa, kaɗan-kaɗan. Ba sai an yi ban ruwa kullum ba."

Ta sunkuya, ta nuna musu wani ɗan gajeren bututu a gefen ginin.

"In kuna zubawa kuka ga ruwa ya fara fita ta nan, ku tsaya haka. Kuma kada wanda ya toshe shi. Kun ji?"

"Mun ji, Malama!"

Yarinyar ta so ta tambayi dalili. Amma hankalinta ya riga ya tafi wani wuri. Tsayin fangalin take kallo. Mutum yana zaune a kujera zai iya yin shuka a ciki. Ba sunkuyo, ba ɗaukar bokiti.

Babanta, Safiyanu, motar rake yake ja a Makarfi. Sai ƙarshen mako yake zuwa gida. Yana sallama ta tare shi da zancen. Ya saurara, ya yi ajiyar zuciya.

"Kina ganin zai ko kalla?"

"Mu gwada, Baba."

Washegari ya je ya gaishe da Malama, ya ga fangalinta da idonsa. Ya samo bulo da leda da bututu. Ya yi ginin daidai ƙofar ɗakin Kaka, dab da katanga. Ɗan bututun gefe ya juya shi wajen katangar, don ruwa ya bi rariya ya fita waje. Tsakanin ginin da katanga ɗan lungu ne matsattse. In ba yaro ba, ba mai iya shiga.

Duk wannan aiki Kaka yana kwance a ɗaki.

Da aka gama, Safiyanu ya ɗebo irin alayyahu a tafin hannu, ya fara watsawa. Sai aka ji wata murya daga cikin ɗaki, a shaƙe, tana ja.

"Safiyanu!"

Kowa ya tsaya cak.

"Na'am, Baba!"

"Wa ya koya maka shuka? Kaji kake ba tsaba? A gauraya irin da yashi!"

Ashe tun ɗazu tsohon ya juyo, yana kallo ta gefen labule.

"Ku fito da ni kafin yaron nan ya ƙarar da irin."

Inna ta rufe baki da gefen zane. Aka kamo shi, aka zaunar da shi a kujera. Ya daɗe yana kallon ginin, yana taɓe baki.

"Lambu a cikin leda. Allah Ya nuna mana." Ya tura hannun dama cikin ƙasar, ya murza, ya shinshina. "Wannan ƙasa yunwa take ji. A ƙaro takin awaki. Ke, Uwargida, kin tsaya kina kallon mijinki? Ɗauko kwando!"

Yarinyar ta ruga da gudu, tana dariya, hawaye na zuba.

Tun daga ranar Kaka ya koma fitowa kowace safiya. Ya shuka alayyahu da yakuwa da latas. A kusurwa ya dasa tumatir. Da dama yake aiki. Hagun kuwa yakan ɗora shi a bakin fangali, ya zuba iri a tafin, ya ce, "Kai ma riƙe, ba zaman banza za ka yi min ba." Sannu a hankali yatsun suka fara ɗan motsi. Ya koma cin tuwo. Har ƙari yake nema.

Aikin yarinyar shi ne kawo ruwa. To, bazara ta shigo. Rijiyar gida ta ƙafe. Sai burtsatse, can bayan masallaci, kuma layinsa ba ya ƙarewa. Mutum ya tsaya cikin rana har kansa ya yi ciwo, sannan ya ɗauko jarka a ka. A gidan kowa ya san dokar Inna: wanda ya zubar da ruwa, shi zai koma layi.

Duk ranar da yarinyar ta cika fangali, sai ta ji ruwa yana tsiyaya a lungu. Ta leƙa ta gan shi yana bin rariya, yana fita waje. Ruwan da ta ɗauko da wuyanta! Abin ya riƙa cin ranta. Lungun kuma ko kwano ba ya shiga, balle a tara.

Sai ta yi wani tunani. In aka toshe bututun nan, ba asara. Fangali zai riƙe ruwa da yawa, ya daɗe bai nemi wani ba. Ita ma ta huta da layi.

Ta tuna Malama ta ce kada a toshe. Amma ta ce a ranta, "Malama ai ba ita take zuwa burtsatse ba."

Ba ta tambayi kowa ba. Ga Kaka zaune kullum a tsakar gida, ga Malama a makaranta. Ta ɗauko totuwar masara a gindin murhu, ta shiga lungu, ta cusa ta a bakin bututun. Ta sa dutse ta buga har ta shige sosai.

Da farko ba abin da ya faru. Ganye ma sai ƙara kyau ya yi. Tumatir ya fara fure. Yarinyar ta riƙa jin kanta mai wayo.

Rannan da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Washegari aka sake yin wani. Da aka fito da Kaka, ya tarar ruwa kwance a saman fangali, ganye na iyo.

Ya ɓata fuska.

"Uwargida, shiga lungun nan ki dubo min. Ruwan yana fita kuwa?"

Ta shiga. Ta kama totuwar ta ja. Ashe ta sha ruwa ta kumbura, ta kama bututun gam. Ta sake ja da ƙarfi. Sai ta karye. Guntu ya biyo hannunta, sauran ya zauna a ciki. Ta sa farce, ta sa tsinke. Ko motsi.

"Uwargida! Barci kike a can?"

Ta fito tana goge hannu a jikin siket. Kaka yana kallonta, yana jira. Inna tana bakin murhu.

"Yana fita, Kaka."

"Da ƙarfi?"

"Da ƙarfi."

Ya gyaɗa kai. "To, madalla. Zuwa gobe zai tsane."

Bai tsane ba. Ruwan sama ya nutse, amma ƙasar ta zama kamar kunu. Aka ƙara yin ruwa. Alayyahu ya fara rawaya daga ƙasa. Latas ya narke. Furen tumatir ya kaɗe, ganyen ya langaɓe kamar wanda ƙishirwa ta kama, alhali cikin ruwa yake. Wani wari ya fara tashi, irin na kwata.

Kullum in ba kowa, yarinyar takan shiga lungu da tsinke ko ƙusa. Duk abin da ta tura, sai ya ƙara danna totuwar ciki. Babanta kuma bai zo ba a makon nan, motarsu ta lalace a hanya.

Wata safiya Kaka ya tuge tumatir guda. Saiwar ta yi baƙi, ta ruɓe. Ya daɗe yana juya ta a hannu.

"Uwargida, zo nan. Kin tabbata ruwan nan yana fita?"

Nan ne ya kamata ta faɗa. Allah Ya sake ba ta dama. Amma ƙaryar farko ta riƙe mata harshe.

"Na tabbata, Kaka."

Inna ta matso. "Baba, ko yarinyar nan ba ta duba da kyau ba?"

"A'a," in ji shi. "Jikata ba ta yi min ƙarya."

Ya ajiye tumatirin a hankali.

"Ni ne. Ni na ce a ƙara taki. Ni na yarda da ƙasar. Tun ina saurayi nake lambu, yau ga shuka tana mutuwa a gabana, na kasa gane ciwonta." Ya dafa goshinsa. "Ashe ba hannun kaɗai ya tafi ba. Har da kan."

"Haba Baba, kada ku ce haka," in ji Inna.

"Ku mai da ni ɗaki."

Aka mai da shi. Ya kwanta, ya juya fuska wajen bango.

Washegari bai fito ba. Wanshekare ma haka. Kujerarsa tana nan a tsakar gida, ruwa yana dukanta. Tuwo ya koma fitowa daga ɗakin yadda ya shiga. Yatsun nan da suka fara motsi suka sake dunƙulewa.

Yarinyar ta kai masa kunu da safe. Ta durƙusa.

"Kaka, ga kunu."

Bai juyo ba. "Ajiye, yarinya."

Yarinya. Tun da ta yi wayo bai taɓa kiranta haka ba. Ta fito ta tsaya a gaban fangali. Ba sauran kore a ciki sai 'yar yakuwa a gefe guda. Ranar ko karyawa ba ta yi ba, ta tafi makaranta.

Da aka fita tara, sai ta zagaya bayan aji ita kaɗai. Fangalin Malama yana nan shar, ruwan da aka yi bai yi masa komai ba. Ƙarƙashin ɗan bututun gefe ƙasa ta jiƙe, alamar ruwa ya bi ya wuce.

"'Yar gidan Malam Lado," in ji wata murya a bayanta. Malama Cecilia ce. "Ya jikin Baba? Ya lambunsa?"

"Lafiya lau, Malama."

"Lafiya lau, kuma idonki ya yi ja haka?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Malama, me ya sa kika ce kada a toshe wannan?"

Malama ta dube ta da kyau. Ta ja ta suka zauna a kan bulo.

"Toshe hancinki da bakinki."

Ta toshe. Ba a jima ba ta saki, tana haki.

"To, saiwa ma numfashi take. Tana son danshi, amma tana son iska. Fangalin nan leda ce a ƙasansa, ruwa ba shi da hanyar fita sai ta nan. In kin toshe, ruwa ya hau ya cika ƙasar, saiwa ta shaƙe. Ni ma da na faɗa muku dalilin tun ranar, da ya fi. Yanzu gaya min, me kika sa a ciki?"

"Totuwa." Sai kuka ya ƙwace mata. Ta faɗi komai, har maganar da Kaka ya yi a kan kansa.

Malama ba ta rarrashe ta ba tukuna.

"Shukar ta riga ta mutu," ta ce. "Wannan ba abin da za ki iya yi. Amma tsohon nan yana kwance yana zaton hankalinsa ya gushe, ke kuma kin san ba haka ba ne. Duk garin nan ke kaɗai kika sani. Kwana nawa za ki bar shi a haka?"

"Za a doke ni, Malama."

"Mai yiwuwa. Duka yakan wuce. In gaɓoɓinsa suka sandare fa?"

Yarinyar ta miƙe tsaye.

"In raka ki?"

Ta share hawaye. "A'a, Malama. Zan faɗa."

Ta tarar da Inna tana tankaɗe. Ta tsuguna a gabanta, ta faɗa mata. Inna ta ajiye rariyar tankaɗen.

"Ke! Kina kallo ina fitowa da tuwonsa ba a taɓa ba, kika yi shiru?"

"Inna, ki yi haƙuri."

"Ba ni za ki ba haƙuri ba. Ga ɗakin can."

"Inna, ki faɗa masa mana."

"Ni na cusa totuwar? Tashi."

Ɗakin ya yi duhu, yana warin man zafi. Yarinyar ta durƙusa a bakin gado.

"Kaka, ruwan ba ya fita. Tun ranar ba ya fita. Ni na toshe bututun da totuwa, don kada ruwa ya zube. Da ka aike ni, ta karye a ciki. Na ji tsoro, na yi maka ƙarya."

Bai motsa ba, har ta zaci barci yake.

Can sai gadon ya yi ƙara. Kaka ya juyo da ƙyar.

"Sake faɗa."

"Na toshe shi da totuwa."

"Ta masara?"

"E."

"Ke nan takin bai yi yawa ba?"

"Bai yi ba, Kaka."

"Ƙasar ma lafiyarta lau?"

"Lau."

Ya lumshe ido. "Tun ranar farko na ce ruwa ne. Na ce ruwa ne!" Ya buɗe idon, ya kafe ta da shi. Ba ta taɓa ganin fushinsa irin na ranar ba.

"Toshewar ba ta dame ni ba. Ba mai lambun da bai taɓa kashe shuka ba. Amma na tambaye ki. Ba ni da ƙafar shiga lungun nan, na ari idonki, kika kawo min ƙarya. Har na tsaya gaban uwarki na ce ba kya yi."

Yarinyar ta kifa kai a gefen gado tana kuka.

"Kaka, ka yafe min."

"Tashi ki fita."

Ta fita. Ta zauna a bayan ɗaki, ta haɗa kai da gwiwa. Ta daɗe a nan. Sai ta ji muryarsa, da ƙarfin da ta kwana biyu ba ta ji ba.

"Ina mutanen gidan nan? A goge min kujera! Kuma in akwai sauran tuwo, a ɗumama."

Safiyanu ya iso ranar Asabar. Da ya ji labari, ya karyo tsumagiya a jikin dalbejiya.

"Ajiye," in ji Kaka. "A lambuna aka yi laifin, ni zan yanke hukunci. Ita ta shaƙe ƙasar nan, ita za ta kwashe ta."

Wallahi da dukan aka yi mata, da ya fi mata sauƙi. Da ɗan faranti da daro ta riƙa kwashe ƙasar nan mai wari. Ta kai tsakar gida, ta baza a rana. In hadari ya taso, ta tattara ta rufe da buhu. In ya wuce, ta sake bazawa. Ƙawayenta suka zo kiranta wasa, suka toshe hanci suka gudu. Tafin hannunta ya yi kanta. Ba ta yi ƙorafi ba.

Kaka yana zaune a kanta, yana ba da umarni.

"Farfasa wancan curin. Ba haka ba! Da hannu."

Da aka kai ga tsakuwa, Safiyanu ya sa rodi ya zunguro totuwar. Baƙin ruwa ya yi tsartuwa, ya bi rariya. Kaka ya ce a miƙo masa guntun. Ya ɗaga shi sama yana dubawa.

"Ɗan wannan abin ne ya kwantar da ni?" Ya dubi jikarsa, bakinsa ya fara motsi. "Sannu, Hajiya Totuwa."

Inna ta juya baya, kafaɗunta na rawa don dariya. Yarinyar ta rasa kuka za ta yi ko dariya, sai ta haɗa duka biyun.

Kaka ya sa aka dawo da ɗan bututun gaba, inda zai riƙa gani daga kujerarsa. Ya ce a ajiye tsohuwar tukunya a ƙarƙashi, ruwan da ya fito a ba bishiyar zogale.

"Da kin ce min asarar ruwan ce take damunki," ya ce, "da tun tuni mun yi haka."

Aka mai da ƙasa, aka sake shuka. Tumatir dai ya wuce, sai wata shekara. Amma alayyahu ba ya ɓata lokaci. Duk ranar da aka yi ruwa, yarinyar takan tsuguna ta ga bututun yana zuba, ta zo ta faɗa wa Kaka, ko da yake shi ma yana gani.

Ranar da aka yi yankan farko, Kaka ya ware dami mafi kyau, ya ɗaure da igiyar rama.

"Wannan na Malama ne. Ni zan kai mata."

"Baba, makaranta fa da nisa," in ji Inna.

"Miƙo min sandata."

Ya dafa fangali ya miƙe. Ya saƙala igiyar damin a yatsun hagu, yatsun suka riƙe. Ya fara takawa, yana jan ƙafa, yarinyar tana gefensa. Suka wuce tsakar gida. Suka shiga zaure. Tun da ya faɗi bai taka wajen ba.

Bai kai makaranta ba. A ƙofar gida ƙarfinsa ya ƙare, ya zauna a dakali yana haki. Amma masu wucewa suka gan shi.

"Kai! Malam Lado ne? Barka da fitowa!"

"Malam, ya ƙarfin jiki? Allah Ya ƙara sauƙi!"

Kafin a jima dakalin ya cika. Ya'u mai shayi har da kawo kofi. Kaka ya miƙa wa jikarsa damin.

"Hajiya Totuwa, ƙarasa min. Ki ce mata na gode. Ki ce ta jira ni, wani yankan da ƙafata zan zo."

Yarinyar ta rungumi alayyahun ta ruga. Tana jiyo muryarsa a bayanta, yana koya wa Ya'u yadda ake lambu a cikin leda.

To, yara, kun ji. Abin da aka ce kada ku taɓa, in ba ku san dalili ba, ku tambaya. Tambaya ba ta da wuya. In kuma kun riga kun yi kuskure, ku faɗa tun da wuri, ko da za a yi muku faɗa. Totuwa shuka kawai ta kashe. Ƙaryar ce ta kusa kwantar da Kaka har abada, kuma gaskiyar da jikarsa ta daure ta faɗa ita ta tashe shi.